Wayarin Motar Baba

Ranar da soja suka kifar da gwamnatin farar hula ta biyu, ina ɗan sakandare, Baba ya sa muka tura motarsa ƙarƙashin mangwaron gidanmu na Narayi. Ya ɗora ta a kan bulo, ya tara mu kamar zai raba gado, ya ce ba zai sake taɓa sitiyarinta ba sai ranar da soja suka koma bariki. Mun ɗauka maganar wata shida ce. Shekara goma sha biyar motar nan ta yi tana zanga-zangar lumana ita kaɗai, ba ta taɓa neman hutu ba.

Mota ce ta Faransa, irin mai giya a jikin sitiyari, wadda aka shigo da ita tun kafin a fara harhaɗa 'yan uwanta a Kakuri. Baba ya saye ta ne a hannun wani Bature da zai koma gida, lokacin yana shugaban sashen saƙa a masaƙa. Bayan ta hau bulo sai ta ƙara daraja. Duk baƙon da ya zo, kafin a ba shi ruwa, sai an kai shi ya gaida ta. A cocinmu na Unguwar Boro kuwa, in ana wa'azi a kan riƙe alkawari, sai ka ga kawuna suna juyawa wajen kujerar Baba, shi kuma ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'un da ya san ana kallonsa. Kazar da ta fara ƙwai a kujerar baya, jikokin jikokinta muka ci a Kirsimetin da na yi aure.

Sai ga shi an yi zaɓe, an sa ranar miƙa mulki. A lokacin Baba ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni, ƙafa tana kumbura. Wata Lahadi bayan sujada, 'yan zumuntar maza suka kewaye shi a bakin ƙofa. Wani dattijon ikilisiya, abokin wasansa tun suna samari, ya dafa shi.

"Dattijo, ga soja za su tafi. Mutuniyar fa? Ko ita ma sai an yi mata zaɓe?"

Aka yi dariya. Baba ya yi murmushi, amma na ga yadda ya damƙe sandarsa. Ni kuma bakina bai taɓa neman izinina kafin ya yi magana ba. Na ji kaina ina cewa ranar miƙa mulki, da za a yi addu'ar godiya a cocin nan, motar za ta kawo Baba har ƙofa da ƙafafunta. Dattijon ya ce a shaida. Aka shaida. Har mai gadi ya shaida.

Saura wata guda.

Injin bai ba mu wahala ba. Bakanike ya yi mako biyu a kansa, ya kori zuriyar ƙadangaru daga cikin bonet, ya haɗa batir kai tsaye, injin ya yi tari sau uku irin na tsohon mai shan taba, ya tashi. Matsalar wayoyi ce. A cikin kowace mota akwai damin wayoyi da aka naɗe wuri guda, ya taso daga batir, ya bi ƙarƙashin sitiyari, ya yi rassa zuwa fitilu da hon da tankin mai. Masu gyara suna ce masa wayarin. Namu ɓeraye sun yi shekara goma sha biyar suna gudanar da tasu gwamnatin a kansa. Na kama shi na fizge gaba ɗaya, na jefar a bayan kicin, na wanke hannu ina jin na yi aiki.

Bakaniken ya tura ni wurin wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, a Sabon Tasha, tsoho ɗan Filato, siriri, da sukudireba a bayan kunne kamar fensirin tela. Ya saurare ni har na gama, yana tauna goro.

"Ɗana, kawo mini tsohon. In shimfiɗa shi a katako, in buga ƙusoshi, in saƙa maka sabo a kansa, waya bayan waya."

"Saƙawa kuma, Oga? Mota ce fa, ba tabarma ba."

"To me kake so?"

"Beljiyam."

Wanda bai yi wayo a lokacin ba sai na yi masa bayani. Duk wani kayan mota na hannu da aka kwaso daga Turai, sunansa Beljiyam, kuma mun yi imani ya fi sabo. Ko ciwon kai aka ce ɗan Beljiyam ne, sai an samu mai saye a Kaduna, har ya tambaya ko akwai na madam. Mai rewaya ya tofar da goro ya ce, "In ka samu, ka kira ni."

Kwana huɗu ina yawo. A rana ta biyar na samu wani mai sayar da kayan gyara a Kakuri, wanda shagonsa ya cika har sai da ya shiga da rarrafe. Na gaya masa ƙirar motar. Ya ɓace a ciki, na ji ƙarafa suna rushewa, na fara tunanin abin da zan gaya wa iyalinsa, sai ga shi ya fito da wani abu a wuya kamar mesa mai kai talatin. Wayoyin suna nan da launinsu, ja da kore da shuɗi, ko ɓera ɗaya bai taɓa ɗanɗana su ba.

"Oga, kwamfilit wayarin. Wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi, coci kawai take zuwa."

"Ya aka yi ka san tsohuwar?"

"Shinshina mana."

Na shinshina. Gaskiya ya yi ƙanshin tsohuwa mai tsoron Allah. Kafin in fita ya nuna mini rubutun da ke bango, cewa kayan wuta in sun fita ba sa dawowa. Na ce masa wannan ko da kuka ya zo ba zan dawo da shi ba. Na ɗauko shi a kafaɗa a kan achaba, ina gaisawa da mutanen da ban sani ba.

Washegari mai rewaya ya zo gida da akwatin aikinsa. Ya fara daga fitilun baya. Komai yana shiga wurinsa kamar an auna. Ina tsaye a kansa ina cewa, "Ka gani ko, Oga? Bature ba ya wasa." Ya ci gaba da aikinsa. Ya biyo ƙarƙashin kujeru, ya iso gaba, ya ɗago reshen da ya kamata ya shiga bayan sitiyari, mai ɗauke da wayoyin makulli da sigina da hon. Reshen ya tsaya a gefen hagu, a gaban kujerar fasinja. Ya ja shi. Ya ƙara ja. Tsakaninsa da sitiyari akwai tsawon hannu guda.

Ya fito daga motar, ya zauna a kan bulo, ya ɓare sabon goro.

"Ɗana, sitiyarin motar babanka a wane gefe yake?"

Na duba. A dama yake. A dama yake tun kafin in yi haƙori. An shigo da motar ne kafin canjin hannu, lokacin da ake tuƙi a ƙasar nan irin na Ingila, kuma da aka koma ɗaya hannun Baba ya ƙi a taɓa masa ita. Mutanen Beljiyam kuwa, har da tsohuwar nan mai zuwa coci, sitiyarinsu a hagu yake. Mako uku ina shiga motar nan kullum, ina dafa sitiyarin in fita. Na saba ganinsa har na daina ganinsa.

Mai rewaya ya ce abu ne mai sauƙi, a yanka reshen a yi masa ƙari. Na ce ba a gabana ba. Beljiyam ba a yanka shi. In an yanka ai ya zama ɗan Kakuri. Na yi zagaye biyu a gindin mangwaro, sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ba ta zuwa wa mutum sai in yana da takardar difloma.

"Oga, mu juya shi mana. Kamar yadda ake juya masa a tanda. Na hagu ya koma dama, shi ke nan."

Ya dube ni tsawon lokacin da ake ɗauka a karanta Zabura guda.

"Ni dai ma'aikaci ne," ya ce.

Ya kwance, ya juya, ya sake ɗaurawa. Reshen ya kai sitiyari, na yi tafi. Wayar tankin mai ta koma ɗaya gefen tana lilo a iska, na ce ba komai, ma riƙa leƙa tankin da kara. Wayar batir ta yi gajere, muka miƙe ta har tana ƙara kamar tsirkiyar gurmi. Na murɗa makulli, mota ta tashi. Muka sauke ta daga bulo, na fita gwaji a layinmu, mai rewaya ya ce shi zai tsaya ya kula da akwatinsa.

A kwanar farko na ba da siginar hagu. Abin da ban yi lissafi ba shi ne, tunda mun juya wayarin, fitilun ma sun yi musanya. Ni ina nufin hagu, mota tana gaya wa duniya dama. Wani ɗan achaba da ke bayana ya gaskata motar, ya ɗauko ta hagu zai wuce, ni ma na karya hagu. Allah ya sa kwatar ba ta da zurfi. Ya fito yana karkaɗe wando, ya leƙo tagar hagu zai zagi direba, bai ga kowa ba. Ya ja da baya. Sai da na yi masa magana daga ɗaya gefen.

"Oga," ya ce, "kai da motarka ku koma gida ku yi shawara tukuna, in kun daidaita sai ku fito."

Ban kai gida ba hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Wayar da muka miƙe ta goga da ƙarfe. Na kashe, na fizge kan batir, maƙwabta suka turo ni gida. Saura kwana tara.

Duk wannan abin Baba yana zaune a baranda da rediyonsa. Sai ranar ya rage muryar rediyon.

"Ina tsohuwar wayar?"

Na ce tana bayan kicin. Na je, babu. Na tambayi Mama, wadda take tsince shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wacce? Wadda ka zubar? Ga ta can."

Ta nuna da haɓa. Zannuwanta ne a shanye a kan wayar fitilun baya, daga mangwaro zuwa tagar ɗaki. Da wani reshe ta ɗaure ƙofar akurkin kaji. Wani yana wuyan akuya. Mafi kauri ta yi wa guga hannu da shi. Guda kuma ta ba maƙwabciyarmu, matar wani ɗan Benuwai, sun ƙara wa eriyar talabijin tsawo.

"Mama, za mu karɓa."

"Ba za ku karɓa ba sai kayana sun bushe. Shekara goma sha biyar motar nan ba ta tsinana mini komai ba, yanzu da ta fara amfani za ku zo ku ƙwace?"

Muka zauna, ni da mai rewaya, muna jiran zani ya bushe. Ban taɓa sanin atamfa tana da taurin kai haka ba. Akuya kuwa sai da muka yi kokawa, kuma ba zan ce ni na ci ba. Mijin maƙwabciyar ya ba da tasa, amma ya ce in bai ga miƙa mulki da kyau ba, ni zan zo in ba shi labari da bakina.

Mai rewaya ya shimfiɗa guntayen a kan katako ya fara buga ƙusoshi, sai ya tsaya. Wayoyin duk sun koɗe sun zama launi ɗaya, launin tuwon dawa. Babu yadda za a gane wacce ce ta hon, wacce ce ta fitila. Ya cire sukudireba daga kunne ya sosa kai da ita.

"Kawo mini nan," in ji Baba.

Muka ɗauki katakon muka aza masa a gwiwa. Bai ko duba ba, don dubawar ba za ta amfane shi ba. Ya bi bakin waya ɗaya da yatsa. Ashe a ƙarshen kowace akwai zaren masaƙa da ya ɗaura tun zamanin da yake gyara motarsa da kansa, ya yi baƙi ya manne, ni na ɗauka datti ne.

"Ƙulli biyu. Hon ne." Ya kama wata. "Uku da jela, fitilar baya ta dama. Wannan mai ƙullin masaƙa, makulli. Kada ka haɗa ta da ta kusa da ita, ba sa shiri."

Mai rewaya ya gyara zama. Tun daga lokacin ya daina ce masa Baba, ya koma Yallaɓai. Ya ce tsari ya samu, saura waya mai kyau, don ta kasuwa yanzu roba ce da addu'a. Baba ya juya fuskarsa wajen da Beljiyam ɗina yake rataye a reshen mangwaro.

"Ga waya can."

"Baba, wannan fa..."

"Yanka."

Na ji ƙarar filaya har cikin haƙorina. Mai rewaya ya farke naɗin, ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce jan ƙarfen ciki kam na kirki ne, tsohuwar ta iya zaɓe. Kwana uku tsofaffin nan biyu suna aiki a baranda, ɗaya yana karanta ƙulli, ɗaya yana aunawa yana sa sabuwa a gurbin tsohuwa. Ni mai difloma aka ba ni riƙon baƙin salatif da sayo kunu.

A rana ta uku mai rewaya ya ɗago wata waya daga cikin tarin. Ba irin ta mota ba ce, irin ta gida ce, mai kauri, ta ƙone ta narke ta manne da wasu guda huɗu. Babu zare a jikinta.

"Yallaɓai, wannan fa? Wannan ba aikin ɓera ba ne. Wannan ita ta kashe motar."

Baba ya shafa ta. Ya ce bai gane ta ba. Ya ce wataƙila Baturen ne. Ya nemi a ƙara masa kunu.

Daga kicin muryar Mama ta fito, a kwance, kamar mai tambayar farashin gishiri.

"Maigida, ka gaya masa mana. Wayar rediyon ce."

Muka juya wajen kicin. Ta fito tana goge hannu da zani, ta ba mu labarin tsaf. Safiyar juyin mulkin an ɗauke wuta, batirin rediyon gida ya mutu, unguwa ta cika da raɗe-raɗi. Baba ya matsu ya ji sanarwa. Ya ciro waya daga tsohon dutsen guga, ya haɗa rediyon motar kai tsaye, duk da ta ce masa ya jira maƙwabta. Ya ji bugun gangar soja sau biyu, sai hayaƙi. Mota ba ta sake tashi ba. Bayan awa guda ya tara 'ya'yansa ya yi jawabi.

Na dubi mutumin da aka yi shekara goma sha biyar ana misali da shi a kan bagade. Ya ɗaga kofin kunu ya kurɓa a hankali.

"To ai duk da haka," ya ce, "soja ne suka jawo."

Mai rewaya ya naɗe ƙonanniyar wayar ya tura a aljihun wandonsa. "Ni ɓera na gani, Yallaɓai. Ɓerayen Narayi ba su da tarbiyya." Ni ma na ce ɓera na gani. Muka juya wajen Mama. Ta ce ita ganinta ya danganta da ko za a sayo mata igiyar shanya sabuwa, ta roba, mai launi. Kafin la'asar na ɗaura mata biyu.

Ranar Asabar ɗin miƙa mulki muka fito da safe. Baba ya sa babbar rigar da ya karɓi takardar ritaya da ita, ya zauna a gaba. Mama tana baya da jakar littafin waƙa. Na murɗa makulli, ta tashi a bugu ɗaya. Na ba da siginar hagu, na fita da gudu na zagaya na duba, hagu ce. Na ba da ta dama, na sake zagayawa. Mama ta ce in na gama motsa jiki mu tafi.

Daga Narayi zuwa Unguwar Boro ba nisa, amma mai tuƙa motar hannun dama a titinmu kwata kawai yake gani. Muka faɗa bayan wata tifar yashi mai tafiya kamar an tilasta mata. In zan wuce ta, sai wanda ke hagu ya leƙa mini, wanda ke hagu kuwa Baba ne. Na ce, "Baba, akwai mota?" Ya leƙa da kyau ya ce, "Akwai wani abu, ko dai mota ko dai gajimare." Muka bi tifa har kwanar coci. Masu keke biyu sun wuce mu, ɗaya har ya gaishe da Baba ya tambayi gida.

Muna shan kwana na hango su a bakin ƙofa, 'yan zumuntar maza a jere, dattijon nan a gaba yana duba agogo. Baba ya dafa mini gwiwa.

"Tsaya nan. Cewa na yi zan tuƙa. Ban ce za a tuƙa ni ba."

Na dubi Mama ta madubi. Ta ɗaga kafaɗa, ta rungume jakarta da hannu biyu. Muka yi musanyar kujera. Tsakaninmu da ƙofa bai fi taku arba'in ba. Ya shafa sitiyarin, hannunsa ya sami giya ba tare da lalube ba. Ya danna hon, hon ya amsa da wata tsohuwar murya mai kauri, har mata suka fito daga cikin coci. Muka tafi a giya ɗaya, ina gaya masa ƙasa-ƙasa, dama kaɗan, Baba, miƙe, miƙe, hagu kaɗan, to tsaya. Tsaya, Baba. Baba, birki.

Muka shige cikin shingen furannin matar Fasto, a hankali, cikin ladabi, har bonet ya yi ado. Injin ya mutu da kansa.

Dattijon ya fara tafi, kowa ya ɗauka. Zumuntar mata suka tayar da waƙa. Baba ya zare makulli ya sa a aljihu, ya fito da sandarsa, ya tsaya a miƙe fiye da yadda na gan shi a shekarar nan duka. Dattijon ya rungume shi yana cewa, "Ka cika, mutumina, ka cika." Matar Fasto tana tafi ita ma, amma idonta yana kan shinge.

Kafin su shiga da shi, Baba ya jawo ni kusa, ya yi magana a kunnena.

"Mako mai zuwa ka sa a duba birkin nan."

Birkin lafiyarsa ƙalau. Na ga ƙafarsa, kuloci ya taka har ƙasa. Na ce, "To, Baba," na koma na fara cire furanni daga gaban mota.